Jan Haƙoran Raihanatu

Tun daga bakin masallacin Kashin Zama aka fara jiyo muryar Raihanatu. Tana gudu tana kiran kakarta, jakar makaranta na dukan bayanta, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

"Kaka! Kaka! Ni anka zaɓa! Ni za a kai Jega!"

Kakar tata, Gudiya, tana tsakar gida tana yanke ganyen albasar da ɗanta ya kwaso daga fadama. Ta saki wuƙar, ta goge hannu a zane.

"Ke, tsaya ki shaƙi iska. Wa za shi kai ki Jega? Mi kinka yi?"

Da ƙyar maganar ta fito daki-daki. Ashe wata ƙungiyar ma'aikatan lafiya ce ta shirya gasa tsakanin makarantun firamare na Jega da Aliero da Maiyama. Kowace makaranta za ta tura yaro ɗaya ranar Litinin, likita ta duba bakinsa. Wanda haƙoransa suka fi na kowa zai koma gida da sabon keke, makarantarsu kuma a haƙa mata rijiyar burtsatse. Shi ne Malama Iklima, malamar ajin su Raihanatu, ta jera yara a gindin dogon yaro tana cewa kowa ya wage baki. Abin da ta gani ya kusa sa ta kuka. Wannan alawar bakin makaranta ta cinye masa turame, wancan gidansu buroshi ɗaya ne yara bakwai ke karɓa-karɓa da shi, wata kuma man goge bakin da aka raba musu bara ta lashe shi tas saboda zaƙi. Da layi ya zo kan Raihanatu sai malamar ta yi kabbara, ta ce kowa ya koma aji, an samu.

Gudiya ba ta bari yarinyar ta kai ƙarshe ba. Ta rangaɗa guɗar da ta tarwatsa kajin gidan, ta tashi ta taka rawa a kan ganyen albasa, ita da kullum take kukan ciwon gwiwa.

Sai an san Gudiya kafin a gane wannan murna. A zamanin ƙuruciyarta, in ana zancen haƙora a Kashin Zama da kewaye, to zancenta ake yi. Haƙoranta jajaye ne jawur, jan furen taba da goro, irin wanda sai mace ta san hannunta take iya fitar da shi. Makaɗa sun sa sunanta a kalangu saboda su. Yau shekarunta sun haura saba'in, kuma har yanzu in za ta yi dariya sai ta ɗaga kai ta yi ta da dukan bakinta, don kada wani ya ce bai gani ba. To, ga gasar haƙora ta zo har gida, kuma jininta aka zaɓa.

"Taho nan, ƙawata, buɗe in gani."

Raihanatu ta buɗe. Gudiya ta kama haɓarta ta juya dama, ta juya hagu. Haƙora dai ga su nan a jere, ƙanana, babu wanda ya hau kan wani. Ita ce ma ta san wahalarsu, don tun yarinyar na shekara huɗu take yanko mata asuwaki, kuma ba ta barin ta ɗora goshi a ƙasa sai ta goge baki. Amma farare ne fat kamar na ɗan maraƙi. Gudiya ta girgiza kai, tausayi ya kama ta. A ce za a kai yarinya gaban manyan mutane da baki tsirara haka, ba ado ba komai? Ita Malama Iklima yarinya ce, ta iya zaɓe, amma gyara sai manya.

Babu wanda zai taka mata burki. Uwar Raihanatu tana Maiyama wajen iyayenta tana wankan jego. Uban kuwa, lokacin cirar albasa ne, in ya fita da asuba sai magariba, ko hancinsa aka canza masa ba zai lura ba.

Matsalar ɗaya ce, ina za a samu fure? Matan yanzu sun bar shi, masu sayar da shi a kasuwa duk sun mutu ko sun koma sayar da magi. Gudiya ta yi ta lissafin tsofaffin ƙawayenta, har ta tuno da A'i, wadda aka kai aure Katanga tun shekarar da aka yi fari. In dai A'i na da rai, to akwai taba a bayan ɗakinta.

Washegari Asabar, da hantsi, aka ga Gudiya a bayan ɗan kabu-kabu, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta riƙe rigarsa da hannu biyu tana yi masa faɗa ya ƙara wuta. A'i na nan da ranta, ga kuma tabarta guda shida a bayan ɗaki, sun yi fure gwanin sha'awa. Da ta ji abin da ya kawo Gudiya sai ta dafe ƙirji.

"Gasar haƙora? Cikin zamanin ga? Ashe mutane sun dawo hankalinsu!"

"Sun dawo, A'i. Har keke za su ba da."

"To ki aza mata sau ukku, kar ki yi ƙyuya. Na hwarko shimfiɗa ta, na biyu shi ka kamawa, na ukku shi ka ƙyalli."

"Ni za ki koya ma hure?"

Suka yi dariya har da tafawa. A'i ta tsinko furen da hannunta, ta naɗe shi a ɗanyen ganye, ta ƙara mata da jan goro manya guda biyar.

Da la'asar aka fara aiki. Raihanatu ta ɗan noƙe da farko.

"Kaka, Malama hwa cewa tay yi mu riƙa wanke baki."

"Wa yac ce kar ki wanke? Wanki daban, ado daban. In an wanke amarya, hakanan a ka hito da ita ba lalle ba kwalli?"

Wannan magana ta shiga kunnen yarinyar. Shekararta tara, kuma ta daɗe tana roƙon a bar ta ta yi kwalliyar manya. Ta zauna a kan turmi ta tauna goro tana yamutsa fuska saboda ɗaci, Gudiya na murza fure a kan haƙoran ɗaya bayan ɗaya, a hankali, tana ƴar waƙarta ta da. Ranar Lahadi aka maimaita. Ranar Litinin bayan sallar asuba aka yi na uku, sannan Gudiya ta ja da baya ta duba aikinta, sai da idonta ya kawo ruwa. Ja ya zauna ɗaram. Tsofaffin maƙwabta biyu suka leƙo, suka gani, suka sa guɗa. Raihanatu ta kalli madubi ta ƙyalƙyale da dariya, ta ga ta zama babbar mace.

"To, saurara," in ji Gudiya tana ɗaura mata hijabi. "Ki rufe bakinki gam har sai kin zo gaban likita. Ɗiyan Jega wayo gare su, in sunka gani yanzu sai su aika a nemo masu."

Motar da makaranta ta ɗauko ƙaramar bas ce, ta saba ɗaukar albasa, warin ma bai fita ba. Malama Iklima na gaba kusa da direba, Gudiya da jikarta na baya. Ba wanda ya gayyaci Gudiya, ba kuma wanda ya isa ya ce ta sauka. Malamar ta juyo ta gaishe ta, ta tambayi Raihanatu ko ta goge baki. Yarinyar ta gyaɗa kai, leɓɓa a ɗinke. Malamar ta ɗauka tsoro ne, ta yi ta ba ta baki, tana faɗin yadda yara za su huta da zuwa rijiyar bayan gari in an samu burtsatse, har ma ta sa a yi wajen wanke baki a gefen famfon.

An wuce Aliero lafiya. Can gaba kaɗan sai wani jaki ɗauke da buhunan albasa ya tsaya a tsakiyar titi ya ƙi gaba ya ƙi baya, mai shi na ja, direba na hon, jakin ya ɗaga kai ya amsa masa da kuka. Raihanatu ta yi iya ƙoƙarinta. Ta toshe baki da hannu, kafaɗunta na rawa, daga ƙarshe dariyar ta ƙwace. Malama Iklima ta juyo tana dariya ita ma, sai dariyar ta tsaya mata a wuya.

"Innalillahi! Raihanatu, mi yas samu bakinki? Hwaɗuwa kinka yi?"

"Wace irin hwaɗuwa?" Gudiya ta gyara zama, ta ɗaga kai. "Tunda kin gani, kin gani. Aikina na. Kwana ukku ina yi. Ki hwaɗi gaskiya, Malama, kin taɓa ganin kamu irin wanga?"

Malama Iklima ta dafe kai. Tarbiyya ta hana ta ɗaga wa tsohuwa murya, amma hawaye ya cika mata ido.

"Inna, ba ado za su duba ba. Tsabta za su duba, da lahiyar haƙori. Hwarin nan da kinka rufe, shi na abin da yas sa na zaɓe ta. Wayyo Allah, burtsatsenmu!"

Gudiya ta so ta yi gardama, har ta ɗauko numfashi. Sai ta dubi Raihanatu. Yarinyar ta daina dariya, ta kalli malamarta, ta kalli kakarta, leɓenta na ƙasa ya fara karkarwa. Gudiya ta sunkuyar da kai. Ta gane cewa da hannunta, da kuɗin kabu-kabunta, da waƙarta, ta je har Katanga ta ɗauko wa jikarta abin kunya.

Amma Gudiya ba mai zama ta yi tagumi ba ce. Ta buga bayan kujerar direba.

"Kai, ɗan nan, bi ta gefen jakin ga! Malama, ƙarhe nawa za a hwara?"

"Goma. Yanzu tara da kwata."

"Ya isa. Ni nis sa shi, ni ka hidda shi."

Suna shiga Jega ta sa aka tsaya a bakin kasuwa. Cikin minti biyar ta dawo da gawayi, da ƙullin gishiri, da lemun tsami, da ruwan leda uku, da ɗanyen reshen dogon yaro da ta karyo a jikin bishiyar wani mai shayi ba tare da ta nemi izini ba. A bayan zauren taron, a unguwar Jega Magaji, ta durƙusa a ƙasa ta tauna bakin asuwakin da kanta har ya yi laushi, ta daka gawayi da dutse, ta kama aiki. Raihanatu na kurkurewa tana tofarwa, Malama Iklima na riƙe da ruwa tana duba agogon waya.

"A hankali, Inna! In kinka hidda mata jini mun ƙare."

"Ina sane. Buɗe, ƙawata. Ƙara buɗewa."

Ja ya fara sauka. Gaban haƙoran ya washe, ya koma kalar ruwan goro, daga baya ya yi haske. Amma A'i ta yi gaskiya, na biyu shi ke kamawa. A tsakanin haƙora da gefen dasashi jan ya maƙale ya ce ba inda za shi. Ana cikin haka lasifika ta kira makarantarsu.

Zauren ya cika maƙil. Yara arba'in da ɗoriya sanye da kayan makaranta kala-kala, malamai, iyaye, ga keken can a kan tebur an ɗaura masa kyalle. Gudiya ta samu gefen benci ta ɗosana. Tsarin shi ne kowane yaro ya fara zuwa teburin farko, inda wani ma'aikaci mai tabarau zai haska bakinsa da tocila. Wanda ya ga alamar ciwo a bakinsa sai ya tura shi bencin hagu, a ba shi magani, ya fita daga gasa. Sauran su wuce wajen babbar likita, wata mace mai jiki da ake kira Likita Zahra'u.

Bencin hagu ya yi ta cika. Yaran gari masu sababbin takalma, da kuɗin alawa da na ƙanƙara a aljihu kullum, sai ga su suna komawa can ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Raihanatu, mai tabarau ya haska, ya matso, ya yamutsa fuska.

"Dasashinta na jini. Hagu."

Yarinyar ta juya ta nufi bencin, kanta a ƙasa. Malama Iklima ta miƙe za ta yi magana, amma kafin ta haɗa kalma biyu Gudiya ta riga ta kai tsakiyar zaure. Yadda ta tsallake ƙafafun mutane da waccan gwiwa, Allah kaɗai ya sani.

"Ba jini ba na! Wallahi ba jini ba na! Hure na!"

"Hajiya, koma ki zauna," in ji mai tabarau. "Mene ne kuma hure?"

"Ba ka san hure ba, kana duba bakin mutane? To ga shi!"

Ta ɗaga kai ta wage bakinta gaba ɗaya, ta nuna da yatsa. Yara suka fashe da dariya. Wani ya ce mayya, wata ta ɓoye fuska a bayan ƙawarta tana ƙyaƙyatawa. Shekara sittin Gudiya na buɗe wannan baki ana yaba mata, yau ga ƴan jikoki na nuna ta da yatsa. Abin ya soke ta har ƙahon zuci, amma ba ta rufe ba sai da ta tabbata mai tabarau ya gani da kyau.

"Ni nis sa mata," ta ce. "Ita ba ta da laihi, malamarta ba ta sani ba. Na zaci ado a ka so. In hukunci za ku yi, ga ni. Amma ku duba ɗiyag ga da kyau kahin ku kore ta."

Likita Zahra'u ta taso daga teburinta. Ta daka wa yaran tsawa ɗaya, dariyar ta mutu. Ta dubi bakin Gudiya, sai murmushi ya kuɓuce mata.

"Rabona da ganin kamu irin wanga tun rasuwar kakata. Kawo ta nan in gani."

Ta zaunar da Raihanatu, ta sa safar hannu, ta goga auduga a dasashin ta ɗaga sama kowa ya gani. Babu jini ko ɗigo. Ta ɗauki ɗan madubinta da wani siririn ƙarfe ta bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, sama da ƙasa, ciki da waje, ta daɗe tana yi. Gudiya na tsaye a kanta.

"Da mi take wanke baki?"

"Asuwaki," in ji Raihanatu. "Kowace salla."

"Alawa hwa?"

"Kaka ba ta bari. Sai dai gyaɗa da aya."

Likitar ta rubuta abin da za ta rubuta, sannan ta juyo wajen Gudiya, fuskarta ba wasa.

"Inna, ki ji ni da kyau. Huren taba ba abin sa ma yaro a baki ba na, taba ta, kuma goro ma bai kamace ta ba. Kar a sake. Zan cire mata maki biyar saboda shi."

"Na ji, likita. Ba a sakewa."

Daga nan sai jira. Aka duba sauran yaran, aka yi jawabai, wani mutum ya yi ta bayani a kan buroshi har mutane suka fara hamma. Gudiya ba ta ji ko kalma ɗaya ba, maki biyar ɗin nan kawai ke yi mata yawo a ka. Da Likita Zahra'u ta karɓi lasifika, Malama Iklima ta damƙe hannun tsohuwar ba ta ma sani ba. Ta uku wata yarinya ce daga Jega. Na biyu wani yaro daga Maiyama, maki casa'in da uku.

"Ta ɗaya, da maki casa'in da biyar, bayan an cire biyar. Bakin da ban samu rami ko ɗaya a cikinai ba. Raihanatu, daga Kashin Zama!"

Malama Iklima ta yi tsalle kamar ba malama ba, tana ihun burtsatse. Direban bas ya shigo da gudu yana tafi. Raihanatu ta ruga ta rungume keken tun kafin a miƙa mata. Gudiya kuwa ta zame ta zauna a ƙasa tana hamdala, hawaye na bin kumatunta.

Mai hoto ya jera su a gaban zaure, likita a dama, malama a hagu, yarinya da kekenta a tsakiya. Raihanatu ta ce ba za a ɗauka ba sai da kakarta. Aka jawo Gudiya, ta tsaya a gefe. Yaran nan da suka yi mata dariya suna tsaitsaye suna kallo.

"To, kowa ya yi murmushi!"

Kowa ya yi, ban da Gudiya. Ta tamke leɓɓanta, ta jawo bakin gyale ta kare bakinta. Raihanatu ta ɗago kai ta gan ta. Ta saki keken, malama ta tare shi, ta kama hannun kakarta ta janye shi ƙasa.

"Kaka, buɗe."

"Bari, ƙawata. Naki a ka so."

"In ba ki buɗe ba, ni ma ba ni buɗewa."

Ta tsuke bakinta gam, ta harɗe hannuwa, ta kafe kakarta da ido. Mai hoto ya sauke kyamara yana jira, likita na jira, zaure duka na jira. Gudiya ta dubi wannan ƴar fuska da ta kumbura don taurin kai, ta yi ƙoƙarin daurewa, ta kasa. Dariya ta ƙwace mata, ta ɗaga kai ta yi ta da dukan bakinta, Raihanatu ta taya ta, mai hoto ya danna.